Tattalin kuɗin gida: tambayoyi da amsoshi kan cefane, ajiyar hatsi, gas da wuta

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuma darajar naira ta faɗi a watannin da suka biyo baya, kuɗin cefane ya daina kaiwa inda ya saba kaiwa. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, amma kasuwa ta riga shi yin gaba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda magidanta da iyayen gida suka fi yi. Farashi yana canzawa kusan kowane mako, don haka duk lissafin kuɗin da aka kawo misali ne kawai. Ka sa farashin garinku a gurbinsa.

Albashina ba ya kai ni ƙarshen wata. Ta ina zan fara?

Ka fara da littafi da biro, kafin ka rage komai. Wata guda cur ka rubuta duk abin da ya fita daga aljihunka da na uwargida, har naira hamsin ɗin niƙa da ɗari biyun da aka ba yaro. A ƙarshen wata ka raba shi gida-gida: abinci, makamashin girki, wuta da ruwa, abin hawa, kati da data, makaranta, magani, hidimar 'yan uwa da biki. Yawanci ba shinkafa ce ke ba mutum mamaki ba, domin kowa ya san nawa ya sayi shinkafa. Abin da ke ɓacewa shi ne ƙananan kuɗi masu fita kullum: ƙullin mai, ƙullin sukari, cajin mai POS, adaidaita sahu zuwa inda ƙafa za ta iya kaiwa.

Bayan haka, ranar da kuɗi ya shigo ka fitar da na dole tukuna, wato haya, kuɗin makaranta da hatsi, sauran ka kasa shi huɗu, kowane mako da nasa. Wanda ya riƙe kuɗin wata a dunƙule yakan ci rabinsa kafin sati biyu su cika.

Da gaske sayen buhu ya fi awo araha?

Ya fi, amma da sharaɗi biyu. Buhun hatsi mai kilo 100 yana ɗaukar kusan tiya 40, ko da yake girman kwanon awo ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Ka raba kuɗin buhu gida 40, ka ɗora masa kuɗin dako da na mota, sannan ka gwada da farashin tiya a unguwarku. Idan bambancin bai taka kara ya karya ba, ba sai ka ɗaure kuɗinka ba. Haka kayan masarufi: kwalin taliya ko na sabulu a kasuwar Singa ta Kano ya fi sayen ɗai-ɗai a kanti sauƙi, kuma ƙananan ledojin madara da omo, in aka auna su da nauyi, sukan fi babban ƙunshi tsada.

Sharaɗi na farko shi ne a sami wurin ajiya mai kyau. Na biyu, wanda aka fi mantawa, shi ne a ci gaba da awo a cikin gida. Buhu buɗaɗɗe a sito yana sa hannu ya yi nauyi: gwangwani shida da aka saba dafawa ya koma takwas, ragowar ta kwana ta lalace, maƙwabta su ji labari. A ajiye gwangwani ɗaya na awo, a san adadin da gidan ke ci rana da dare, a ɗebi na mako guda a zuba a bokiti mai murfi, a ɗaure buhun.

Wanda ƙarfinsa bai kai buhu ba, ya haɗa kai da mutum uku ko huɗu, su aiki ɗaya daga cikinsu kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano ko kasuwar ƙauye mai ci mako-mako, a dawo a raba da kwano ɗaya a gaban kowa. A kasuwa kuma a sa a soki buhun daga ƙasa da tsakiya, domin ana ɗora mai kyau a sama, a bar tsakuwa da ƙaiƙayi a ƙasa.

Wane lokaci ya fi dacewa a sayi kowane kaya?

Kowane abu da kakarsa. Gero da masara sukan sauko daga Satumba zuwa Nuwamba, wake da gyaɗa wajen Oktoba da Nuwamba, dawa kuma daga Nuwamba zuwa Disamba. Tumatir, tattasai da attaruhu suna yin araha daga Janairu zuwa Maris, lokacin da noman rani na wurare irin su Kadawa da Kura ya cika kasuwa, sannan su yi tashin gwauron zabi da farkon damina. Albasa, ko ta Aliero ko ta Galmi a Nijar, tana sauka daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu. Manja yakan fi sauƙi a watannin farkon shekara, lokacin da kwakwar manja ke yawa a Kudu.

Sai dai wannan ba doka ba ce. A 2025 farashin masara da shinkafa ya sauka maimakon ya hau, kuma mutane da yawa da suka tara hatsi da tsada don su sayar da riba sun yi asara. Ka sayi abin da gidanka zai ci zuwa wata kakar. Wanda ya ci bashi ya cika sito don jiran tsada kasuwanci ya shiga, kuma wannan wani lissafi ne daban.

Duk lokacin da na ajiye wake sai ƙwari su cinye shi. Yaya ake ajiya ba tare da magani ba?

Abu biyu ke lalata hatsi a ajiya: laima da iska. Ƙwaron wake tun daga gona yake zuwa, ƙwansa na manne a jikin ƙwayar, don haka tsabtar ɗaki kaɗai ba ta hana shi. Abin da ke kashe shi shi ne a toshe masa iska.

Da farko a shanya hatsin a kan tabarma ko tamfol, ba a ƙasa tsura ba, kwana biyu zuwa uku ana juyawa. Ana so laimar da ke cikinsa ta sauka zuwa wajen kashi 13 cikin ɗari. Ga yadda ake gwadawa ba tare da na'ura ba: a sami kwalba busasshiya, a zuba hatsi kamar kashi ɗaya cikin uku nata, a ƙara cokali biyu na gishirin da aka shanya ya bushe sosai, a rufe a girgiza, a bar ta minti goma sha biyar, a sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba, a mayar da shi rana. A bar shi ya huce a inuwa kafin a zuba a mazubi, domin hatsi mai zafi yana yin gumi a cikin leda.

Sai a zuba a buhun PICS, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da abokan aikinsu na Afirka ta Yamma. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Kafin zubawa a hura kowace leda a matsa ta, a ga ko tana fitar da iska. Huda ko ta allura ce ta ɓata aikin. A sa leda cikin leda cikin buhu, a zuba hatsi, a matse iskar da ta rage a sama, a murɗe bakin leda ta farko a lanƙwasa a ɗaure, sannan ta biyu, sannan buhun, kowanne da ɗaurinsa. Ƙwarin da ke ciki za su shaƙe ɗan iskar da ta rage su mutu. A ɗora buhun a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango, saboda gara da ɓera.

Inda aka fi yin kuskure shi ne buɗe buhun duk bayan kwana biyu ana ɗiba. Kowace buɗewa sabuwar iska ce. A bar shi a rufe aƙalla wata biyu, kuma na cin yau da gobe a ware shi daban tun farko. Jarka mai lita 25 ma tana yin wannan aikin, in an wanke ta ta bushe ƙarau, an cika ta har wuya ana bubbugawa, an shimfiɗa leda a bakin kafin a murza murfi. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba ta shiga wannan aikin.

Ƙwayar kashe ƙwarin hatsi da ake kira bom tana fitar da iskar guba, kuma ta sha kashe mutanen da suka kwana ɗaki ɗaya da buhun da aka sa mata. Yayyafa Sniper a kan wake kuma zuba guba ne a abinci, hukumar NAFDAC ta daɗe tana gargaɗi a kai. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna a zubar da ita, kada a ba kaji ko awaki: gubar wannan fumfunar tana illata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta.

Yaya zan adana tumatir lokacin da yake araha?

Hanya mafi sauƙi ita ce kauɗa. A yanka shi biyu ko huɗu, a shanya a kan gado ko tabarma da aka ɗaga daga ƙasa, a lulluɓe da gidan sauro saboda ƙuda da ƙura. Ya bushe sosai kafin a ɗaure a leda, in ba haka ba zai yi baƙi da fumfuna. Tattasai, attaruhu da kuɓewa ma haka.

Mai son ɗanɗanon ɗanye ta markaɗa tumatir zalla, ta dafa har ruwan ya tsotse, ta zuba da zafinsa a kwalaben da aka tafasa, ta ƙara babban cokali biyu na ruwan lemon tsami a kowace lita. Sai ta rufe, ta jera su a tukunya bisa tsumma, ruwa ya shanye kansu, su tafasa minti 45. Kada a haɗa da albasa da tattasai a na dogon ajiya, domin suna rage tsamin da ke kare shi daga lalacewa. Duk kwalbar da murfinta ya kumbura ko ta yi kumfa, a zubar ba tare da an ɗanɗana ba.

Tsakanin gas, gawayi da itace, wanne ya fi sauƙi?

Amsar tana gidanku. Ranar da aka cika tukunyar gas a rubuta kwanan wata, ranar da ta ƙare a rubuta, a raba kuɗin da yawan kwanakin. A yi wa buhun gawayi haka. Gidaje da yawa sun fi samun sauƙi da haɗa biyun: gas don shayi, ɗumame da miya, gawayi don abin da ke daɗewa a wuta kamar wake, ganda da tuwon taro.

A wajen sayen gas, a duba jikin tukunyar, akwai nauyinta ba komai a ciki a rubuce. In an ce an zuba kilo 12.5, sikeli ya nuna wancan nauyin haɗe da 12.5. A tsaya a gani da ido. A gida kuma wutar ta zama shuɗiya. In ta koma ruwan ɗorawa tana baƙanta gindin tukunya, ramukan kan murhun sun toshe, gas na tafiya a banza, a cire a goge da buroshi. A shafa ruwan sabulu a kan tiyo da mahaɗarsa, inda ya yi kumfa nan yake yoyo. Ba a gwada yoyon gas da ashana.

Sauran tattalin yana hannun mai girki. A yanka komai, a jajjaga komai, kafin a kunna wuta. A rufe tukunya. Da zarar ruwa ya tafasa a rage wuta, domin ruwan da ke tafasa ba ya ƙara zafi komai ƙarfin wutar, tururi kawai yake zama. Harshen wuta kada ya wuce faɗin gindin tukunya. Waken da aka jiƙa tun dare yana nuna da wuri ƙwarai. Akwai kuma dabarar naɗe tukunya: shinkafa ta tafasa minti biyar, a sauke a rufe, a naɗe da tsohon bargo a cusa a kwando, cikin minti arba'in za ta ƙarasa da zafin kanta. Jiƙaƙƙen wake yana son tafasar minti ashirin da naɗin awa biyu zuwa uku. In abincin ya daɗe a naɗe har ya fara hucewa, a sake tafasa shi kafin a ci.

Lokacin hunturu kada a shiga ɗaki da kurfoti a rufe ƙofa da taga. Hayaƙin gawayi mai kisa ba shi da wari ko launi. Na janareta ma haka yake.

Katin mita yana ƙarewa da wuri. Me ke shan wutar?

Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda. Duk abin da ke yin zafi shi ne babban mai sha: dutsen guga, hita, butar lantarki, murhun lantarki, sai kuma na'urar sanyaya ɗaki. Hita mai wat 1,500 da ake kunnawa awa ɗaya kullum tana cin yunit 45 a wata. Tsoffin ƙwayayen fitila goma masu wat 60, awa shida a dare, suna cin yunit 108 a wata. Na LED masu wat 9 da ke ba da haske kusan iri ɗaya suna cin 16. In yunit yana naira 200, bambancin ya haura naira 18,000.

Ka san rukunin da layinku yake. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta ɗaga kuɗin rukunin A daga kusan naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit, bisa sharaɗin a ba 'yan rukunin wuta aƙalla awa 20 a rana, daga baya aka ɗan rage kuɗin. In ana cajin ku kuɗin rukunin A kuma wutar ba ta kai haka, ku rubuta awannin da kuke samu ku kai ƙorafi a rubuce ga kamfanin rarraba wutar yankinku, in bai saurare ku ba ku wuce ofishin sauraron koke na hukumar.

A tara guga a yi ta sau ɗaya a mako. Firiza kuma a janye ta daga bango kamar tafin hannu, a cike gurbin da ya rage da robobin ruwa don ta riƙe sanyi in an ɗauke wuta. A maƙale takarda a ƙofarta a rufe. In takardar ta zare ba wahala, robar ƙofar ta saki, injin zai yi ta aiki ba hutu.

Nama ya fi ƙarfinmu. Me zai maye gurbinsa?

Wake, waken suya, gyaɗa, ƙwai da busasshen kifi. Awarar gida da madarar waken suya suna da araha ƙwarai in an sayi waken da kaka. Ƙuli-ƙuli a kwaɗon zogale ko rama abinci ne mai gina jiki, daddawa kuma tana rage yawan dunƙulen da ake jefawa a miya. Zogale, alayyahu da yakuwa suna fitowa a tsohon buhu ko bokiti a tsakar gida, da ruwan alwala da na wankin shinkafa. In za a rage, kada a fara da kwanon yara ƙanana, mai ciki da mai shayarwa.

Kati, data da cajin POS fa?

Tun bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya a farkon 2025, data ta shiga sahun manyan kuɗaɗen gida. Sayen ta wata yakan fi ta kullum sauƙi. A kashe saukar da bidiyo kai tsaye a WhatsApp da kunna kansa a Facebook, a hana waya sabunta manhajoji da data. Kuɗi kuma a ciro na mako sau ɗaya. Wanda ke zuwa wajen mai POS kullum yana biyan caji sau bakwai kan abin da zai biya sau ɗaya.

Adashi, asusu ko banki?

Adashi yana da amfani ga wanda kuɗi ba ya zama a hannunsa, kuma ya fi kyau a daidaita kwasa da wata buƙata: kakar hatsi, kuɗin haya ko zangon makaranta. Rauninsa shi ne komai ya rataya ga amanar uwar adashi da 'yan zubi. A shiga da waɗanda aka san gidajensu, a rubuta jerin kwasa da ranakun zubi, kowa ya riƙe kwafi, kuma zubin kada ya wuce abin da za a iya ko a watan da ciniki ya yi ƙasa. Adashin da ya ɗauki fiye da shekara, hauhawar farashi tana cutar na ƙarshe, domin kuɗin da ya kwasa ba zai sayi abin da na farko ya saya ba.

Kuɗin ko-ta-kwana ya fi tsira a banki, a asusun da ba a riƙe katinsa a aljihu. Tun 2024 hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, tana lamunce ajiya har naira miliyan 5 a manyan bankuna. Mai gudun kuɗin ruwa yana da bankunan Jaiz, TAJ da Lotus. Duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi cikin wata guda kuwa, ka tuna tsare-tsaren damfara da suka rushe da kuɗin jama'a, MMM a Disambar 2016 da CBEX a Afrilun 2025. Haka manhajojin ba da rance na waya: ruwansu yana da nauyi, kuma wasunsu kan bi lambobin da ke wayarka suna tozarta ka in ka makara.

Hidimar Sallah da biki ce ke karya ni. Ya zan yi ba tare da an ce na yi rowa ba?

Sallah ba ta zuwa ba-zata. A sayi yadi tun kafin azumi a kai wa tela, lokacin da Kantin Kwari bai cika ba kuma kuɗin ɗinki bai tashi ba. Mai wurin kiwo ya sayi rago watanni kafin babbar Sallah, amma ya lissafa dusa, harawa da magani kafin ya ce ya ci riba. Layya kuma a kan mai hali take. Anko ba dole ba ne: uwargida za ta iya zaɓar na 'yan uwa na jini, sauran ta je da kayanta ta ba da gudummawar da ta iya. Aya ta 67 a Suratul Furƙan ta yabi masu ciyarwa tsaka-tsaki, ba almubazzaranci ba ƙwauro. Abin da zai fi sauƙaƙa wannan shi ne maigida da uwargida su tsayar tun farkon wata nawa za a ware wa zumunci, don kada a riƙa yanke shawara a gaban mai katin gayyata.

Akwai inda bai kamata a nemi araha ba?

Akwai: magani, ruwan sha, tiyo da kan tukunyar gas, da wayar wutar gida. Rabin maganin zazzaɓin cizon sauro ba rabin waraka ba ne, ciwon zai dawo a sake biya. Inda ake samun sauƙi na gaskiya shi ne a yi gwajin jini kafin a sayi maganin, domin ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba, sannan a tambayi mai kemis ko akwai irinsa na wani kamfani mai rahusa da ke ɗauke da lambar NAFDAC. Rigakafin yara kyauta ne a asibitocin gwamnati, haka maganin kariya daga zazzaɓin sauro da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 a watannin damina a jihohin Arewa da Nijar. Ruwan 'yan garuwa da ba a san daga inda aka ɗebo shi ba, a tace a tafasa shi, ko a sa masa maganin tsabtace ruwa gwargwadon awon da ke jikin kwalbar a jira minti talatin, sannan a zuba a randa mai murfi da moɗa guda wadda ba a sha da ita.